Moda Ba Moɗa Ba

"Inna, don mi kike yi ma ganyen Malam Shu'aibu hira, amma in Baba Cindo ya zo sai ki ce kanki na ciwo?"

Hadiza ce, 'yar shekara biyar, tsaye a bakin zaure da guntun rogo a hannu. Ko rage murya ba ta yi ba.

Talatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ga Cindo zaune kan tabarma a gabanta, ya sha babbar riga da rana tsaka, turarensa ya cika zauren. Ga mahaifiyarta Dudu a tsakar gida tana tankaɗe, amma kunnenta yana zaure tun shigowar baƙon.

"Ke, wuce ciki!" in ji Talatu. Ba ta kama sunan yarinyar ba, 'yar fari ce.

"To ai jiya na ji kina ce mata, 'Don Allah ki tashi, kar ki kunyata ni.'"

"Na ce wuce ciki!"

Cindo ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Bar ta, Talatu, ai gaskiya ta faɗa. Yaya mai jiki? An ce mani ganye bakwai ne da ita, yanzu saura uku."

"Tana nan da ranta."

"Madalla. Ki ƙara mata ruwa. Ni falken albasa ne, na san shuka. Duk abin da kinka ga ya yi laushi, ƙishi ne." Ya miƙe yana gyara hannun riga. "Saura kwana goma sha biyu ko? Ni ba ni gaggawa."

Yana fita Talatu ta ja tsaki, ta shige ɗakinta. Tukunyar shukar Shu'aibu na nan gindin taga. Ganye na uku ya kwanta a bakinta, gindinsa ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa.

"Wai mi kike so in yi miki?" ta ce da shukar. "Mi ne ne ban ba ki ba?"

*

Shekara biyu ke nan da zazzaɓi ya ɗauke mijin Talatu, ya bar ta da Hadiza. Bayan shekara guda ruwan dam ɗin Kainji ya taso ya shanye gungunsu, tsibirin da aka haife ta, da gonakin albasa da maƙabarta da komai. Aka kwaso su aka zuba a Sabuwar Tunga, kusa da Wara, cikin ɗakunan sumunti masu zafi kamar tanderu. Ƙasar wajen tsakuwa ce zalla. Ɗan abin da ya tsiro kuwa awaki ba sa barinsa ya kwana.

Mutum biyu ke neman aurenta. Cindo, wanda dangi duka suke so. Sai Shu'aibu, malamin gona daga Yelwa, wanda ita take so, wanda kuma Dudu ba ta ƙaunar ko jin sunansa. Laifinsa guda ne: yana cikin ma'aikatan da suka zo gungu ƙidayar gidaje kafin a tashe su.

"Da hannunsa ya rubuta lamba a bangon ɗakina da jan fenti," Dudu kan ce. "Ina kallo. Har sannu ya yi mani, maras kunya."

Da aka tura Shu'aibu kwas Zariya, ya ce sai da ƙaramar Salla zai dawo, Talatu ta fake da cin kasuwar Wara ta raka shi bakin ruwa. Sai da ya sa ƙafa cikin jirgi sannan ya miƙo mata wata 'yar tukunyar ƙasa. Cikinta wata shuka ce mai dogayen ganye masu zane-zane, a miƙe kamar takubba.

"Kin ce idonki na kewar kore," ya ce. "Ki ajiye ta cikin ɗaki kusa da taga, inda awaki ba sa kai. Ba ta da wahala."

Mai jirgi ya ja igiyar inji, ƙara ta cika ko'ina. Jirgi ya fara ja da baya sannan Talatu ta tuna ba ta yi tambaya mafi muhimmanci ba.

"Ruwa nawa zan ba ta?" ta ɗaga murya.

Ya kama kunne alamar bai ji ba. Ta ɗaga tukunyar sama tana nunawa. Sai ya yi murmushi, ya haɗa hannaye a baki ya ƙwala:

"Moɗa!"

To, ta gane. Moɗa guda, irin wadda ake ɗibar ruwa da ita a randa. Ita kuwa 'yar gungu ce, tun ba ta kai Hadiza ba take bin uwarta gonar albasa suna kwarfar ruwa da ƙwarya. A gungu shuka sau biyu take sha, safe da marece. Haka ta riƙa ba ta.

Da Dudu ta ga abin da aka kawo a matsayin toshi, sai da ta tara mutane. A gaban Kawu Sallau, ƙanenta, wanda shi ke da ikon ba da auren Talatu, ta ce:

"Mutum ya nutsar da gonarka ya biya ka da ganye bakwai! Wallahi in wanga ganye ya kai Juma'ar ƙarshe kafin azumi da ransa, na cire bakina. In ya mutu, ta amshi Cindo mu huta."

"Na yarda!" in ji Talatu cikin fushi, tun kafin Kawu ya buɗe baki.

Ai ba abin da ya taɓa mutuwa a hannunta. Abin da ta faɗa wa kanta ke nan a ranar.

Yanzu ga shi tana tsaye da ruɓaɓɓen ganye a hannu.

Kuma ba auren kaɗai ke hana ta sukuni ba. Shu'aibu ya ce da bakinsa zai riƙe Hadiza, har ya yi mata maganar makarantar 'yan mata a Yelwa. Cindo kuwa, wata rana da ba kowa a zauren, ya ce mata cikin fara'a shi ba ya riƙon agola, ana ɗaura aure za a mai da yarinyar ga dangin ubanta a Shanga. Talatu ba ta faɗa wa kowa ba. Wace uwa ce za ta buɗe baki gaban manya ta ce ba ta iya rabuwa da 'yar fari? Sai a ce ba ta da kunya.

*

Washegari Dudu ta tafi barkar haihuwa a Wara. Talatu ta ɗauko tukunyar ta fito da ita tsakar gida ko iska za ta taimaka. Wani wari na tashi daga cikinta kamar na tsohon kwatami.

Sai ga sallamar Mariyamu, Bafulatanar da ke kawo masu nono daga rugar bayan tudu. Ta sauke ƙwaryarta, ta dubi tukunyar, ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Wa ya jiƙa moda haka?"

"Ɗaya nike ba ta, safe da marece," in ji Talatu a gajiye. "Tun da ta fara ciwo na mai da ita uku."

"Uku mi?"

"Moɗa mana. Ba ita kinka tambaya ba?"

"Ni moda na ce."

"To ai shi na ce miki, moɗa!"

Mariyamu ta zauna dirshan a ƙasa ta yi ta dariya har da hawaye.

"Ke 'yar gungu, buɗe kunnenki da kyau. Moɗa tana bakin randa. Moda kuwa ga ta nan hannunki kina kashewa. Sunanta ke nan. Mo-da."

Talatu ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"A tudu take fita," Mariyamu ta ci gaba tana share ido, "gindin duwatsu, inda ko ciyawa ba ta yarda ta zauna. Maharba ke dukan ganyenta su fid da zare su yi tsirkiyar baka. Sai ta yi wata guda ba ta ga ruwa ba, ko a jikinta. Ke kuwa kin mai da ita kifi."

Sai a lokacin Talatu ta hango abin da ya faru a bakin ruwan Wara. Ta ɗaga tukunya tana nunawa, shi kuwa ya ɗauka suna take tambaya.

"Wanga mutum!" ta ce cikin haushi. "Wata guda shina zuwa zance shina ba ni labarin takin zamani, amma sai da inji ya tashi sannan zai faɗa mani abu mai amfani! Kuma jiya-jiyan nan Cindo ke cewa in ƙara mata ruwa."

"Wanda ke zuwa rugarmu sayen man shanu? Ai ta cikin moda yake ratsowa kullum." Mariyamu ta taɓe baki. "Ni dai ban ce komai ba. Kawo wuƙa."

Suka juye tukunyar. Ƙasar ta fito a dunƙule, baƙa, tana ɗiga. Mariyamu ta wanke saiwar, ta yi ta yanke ruɓaɓɓen wuri tana jefarwa, har Talatu ta riƙe mata hannu.

"Za ki ƙarar da ita!"

"Wanda ya ruɓe ya riga ya ƙare. Saki."

Abin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba, mai tauri, ja-ja kamar goro, da ganye biyu a jikinsa. Mariyamu ta shafa masa toka, ta ce a bar shi a inuwa ya wuni ya sha iska. Ta sa Talatu ta huda gindin tukunyar da ƙusa, ta kuma ce ta ɗebo rairayin bakin tafki ta gauraya da ƙasa kaɗan.

"In kin dasa, ki manta da ita. In hannunki ya yi miki ƙaiƙayi, ki tura yatsa cikin ƙasar. In kin ji sanyi, tashi ki nemi aikin yi."

"Za ta rayu?"

"Ni nono nike saidawa, ba duba nike yi ba."

Talatu ba ta gaya wa Dudu komai ba. Wa zai kai wa abokin gaba labarin magani?

*

Kwana biyu ta daure. Ba ta taɓa sanin zama kusa da shuka ba tare da ba ta ruwa ba aiki ne sai a kwanakin nan.

A rana ta uku, da ta dawo daga ɗibar ruwa, ta tura yatsa cikin tukunyar. Ya fito a jiƙe.

Ta kira Hadiza ta tsare ta da ido. Yarinyar ta rantse ba ta taɓa ba. Washegari ma haka, rairayi sharkaf, ruwa har ya biyo hudar ƙusa ya kwanta a sumunti. Ɗaya daga cikin ganye biyun ya fara sunkuyawa.

A rana ta biyar Talatu ta ɗauki tulu da hantsi kamar za ta tafki. Ta kai bayan gida ta ajiye shi, ta dawo a hankali ta leƙa ɗakinta.

Dudu ce durƙushe gaban tukunyar, moɗa a hannu, tana tsiyayawa a hankali.

"Inna!"

Moɗar ta suɓuce ta faɗi.

"Ashe ke ce! Inna, ke ce? Kin yi rantsuwa gaban Kawu, sannan ki zagayo ta baya ki kashe mani ita?"

"In kashe?" Dudu ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni Dudu in kashe shuka? Ke ce dai ke kashe ta! Kwana biyar ina lura da ke, ko ɗigo ba ki ba ta ba. Kin tura ta cikin rairayi kamar gawa. In kin fasa auren malamin naki ki faɗa da baki, ba ki azabtar da baiwar Allah da ƙishi ba!"

"Ruwan ne ke kashe ta, Inna! Ba ta son ruwa!"

"Ji wata magana. Akwai abin da Allah ya halitta da ganye wanda ba shi son ruwa?"

Talatu ta zayyana mata komai, tun daga ƙarar inji har zuwa wuƙar Mariyamu. Dudu ta saurara baki buɗe. Can ta koma ta zauna a bakin gado.

"Ashe mu biyu munka taru a kanta," ta ce a hankali.

"Mu biyu?"

"Tun satin da kinka kawo ta. In kin tahi tafki ni ma sai in ba ta moɗa guda da hantsi." Ta kau da kai. "Kar ki ɗauka son malamin naki nike yi. Ba ni sonsa. Amma shekara arba'in, Talatu, ba a taɓa wayewar gari ban shayar da wani abu ba. Sai ga ni nan an ajiye ni kan tsakuwa, hannuna ba shi da aiki. Gonata na ƙarƙashin ruwa, kabarin ubanki na ƙarƙashin ruwa. A gidan ga duka wagga kaɗai ce kore. In wuce ta in ƙyale?"

Hawaye suka zubo mata. Talatu ta durƙusa a gaban uwarta, nata hawayen suka ɓalle.

"Inna, in ta mutu ba miji kaɗai zan rasa ba."

"Sai mi?"

Talatu ta sunkuyar da kai. Shekara biyar ba ta taɓa furta sunan nan gaban mahaifiyarta ba.

"Hadiza," ta ce. "Hadizata, Inna. Cindo ya ce ba shi riƙon agola. Ana ɗaura aure zai sa a kai ta Shanga. Ku ce ba ni da kunya, na yarda. Ni na san ba ta cin tuwo sai an fifita mata. Ni na san in ta yi zazzaɓi ba ta faɗa, sai dai ta yi shiru ta kwanta bayan ƙofa. Wa zai leƙa bayan ƙofa a Shanga?"

Dudu ta dube ta.

"Ya faɗa miki haka? Da bakinsa?"

"A zauren ga."

"Kuma kinka yi shiru wata uku?"

"Ke kinka koya mani shirun."

Tsohuwar ta share fuska da bakin zane. Ta dubi ganyen da ya sunkuya, ta dubi moɗar da ke ƙasa.

"Na riga na ambaci sunan Allah gaban Sallau," ta ce. "Ba ni iya lashe rantsuwata. Abin da ya samu ganyen ga, shi za a bi."

Ta tashi ta fita. Talatu ta kwashe jiƙaƙƙen rairayin ta sake busasshe, tana yi tana share hanci da gefen hannu.

*

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Kawu Sallau ya shigo tare da Cindo. Aka shimfiɗa masu tabarma a inuwar katanga. Talatu ta fito da tukunyar ta ajiye a tsakiya, ta koma gefe, Hadiza na riƙe da zanenta.

Ganye guda ya rage. Yana tsaye, amma gefensa ya yi rawaya, kansa ya bushe.

Cindo ya dube shi ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Kawu, kai ma ka gani. Wanga ai sanda ce anka soka cikin rairayi. Ko busasshen kara in ka soka shi haka zai tsaya."

"Ni masunci ne," in ji Kawu Sallau. "Kifi na sani, in ya mutu cikinsa ke juyowa sama. Dudu, ke kinka yi rantsuwa, ke kuma kinka san ƙasa. Zo ki duba mana tsakaninki da Allah."

Dudu ta zo ta durƙusa. Ba ta dubi 'yarta ba. Ta sa yatsu biyu ta fara tone rairayin gindin ganyen a hankali, yadda take tonon albasa in tana son ganin ko ta yi kai.

Talatu ta zuba wa yatsun ido. Tun ranar da ta sake rairayin ba ta yarda ta tona ba, don tsoron abin da za ta gani.

Yatsun Dudu suka tsaya.

"To?" in ji Cindo.



"Dudu, muna jinki," in ji Kawu.

Tsohuwar ta sunkuya ta hure rairayin da baki. Sai ga wani ɗan tsiro a jikin saiwar, fari-fari mai kore a kai, da tsini kamar bakin ɗan tsako.

"Da ranta," ta ce. "Har ta yi ɗiya."

Cindo ya matso da sauri. "Ina? Wanga ɗan abu? Wa ya san ko tsakuwa ce?"

"Kai falken albasa ne, ka san shuka," in ji Dudu. "Taɓa ka ji. Amma in ka karya ta, ni da kai ne."

Bai taɓa ba.

Kawu Sallau ya leƙa, ya gyaɗa kai. "Shi ke nan. In Salla ta wuce, Shu'aibu ya turo manyansa, ina nan. Cindo, ka yi haƙuri, Allah ya haɗa ka da rabonka."

Cindo ya tattara babbar rigarsa ya fita, ko sallama bai yi wa matan ba.

Talatu ta zauna a ƙasa, ta jawo Hadiza ta ƙanƙame a gaban kawunta da uwarta da kowa. Ba wanda ya hana ta.

Dudu ta mai da rairayin ta rufe ɗan tsiron, ta daddanna da tafin hannu. Ta ɗan yi jim tana kallon busasshiyar ƙasar, yatsunta na motsi.

"Talatu, ko ɗan kurɓi? Ta sha wahala fa."

"Inna!"

"To, to. Na ji."

Ke da ke karanta wannan, ki ji ni da kyau, don ni ma uwa ce. In an ba ki shuka ki ajiye a ɗaki, ki tsaya ki tambayi sunanta da cinta da shanta tun mai ita bai juya baya ba, kuma kada ki zuba ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasa ta bushe. Sannan komai zafin da zuciyarki ta yi, kada ki kuskura ki ce "na yarda" a kan sharaɗin da ɗanki ke ciki. Talatu ta tsira da tsiron da bai kai farce ba. Ke ba ki san abin da za a tarar a gindin taki tukunyar ba.